Mai Gadin Ɗakin da Babu Kowa

A wani gari da ke kudu da Damagaram, kan hanyar Magarya, akwai wani malamin aji biyar da ya shafe shekaru yana koyar da lissafi. Yara suna kiransa Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a ko'ina cikin Nijar, iyayensu kuwa Malam suke ce masa. Abokan aikinsa sun san shi da wata ɗabi'a da ke ba su dariya. Duk sa'ad da aka miƙa masa takarda mai adadi a jiki, ko da rasit ɗin man babur ne, sai ya aza yatsa ya ƙirga lambobin ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa hagu, leɓunansa na motsi, kafin ya ce uffan. Kaɗan ne daga cikinsu suka san mafarin wannan ɗabi'a.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kaya suka yi tashin gwauron zabo, manoma suka shiga damina hannu babu nauyi. Mahaifinsa, manomin gero da gyaɗa, ya je wurin wani ɗan kasuwa ya karɓi rancen jika goma sha biyar, wato sefa 15 000, ya jinginar da gonarsa ta bakin tabki. Aka rubuta takarda da Faransanci. Da yake yaron shi ne ɗan fari, uban ba ya kiran sunansa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kai, zo ka duba mana wannan." Yana ɗan shekara goma sha ɗaya a lokacin, yana aji biyar, shi kaɗai ne ɗan boko a gidan. Ya duba, ya ga 1, ya ga 5, ya ga sifili a jere a bayansu kamar ƙwan zabi. Ya ce, "Sha biyar ne, Baba." Uban ya dangwala yatsa.

Da kaka ta yi aka fito da takardar, sai ga 150000 rubuce a jikinta. Magana ta kai gaban mai gari. Aka kira yaron aka tambaye shi sifili nawa ya gani ran da aka sa hannu, uku ko huɗu. Ya tsaya yana kallon ƙasa, domin bai ƙirga ba. Gonar ta tafi. Har uban ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ɗora masa laifi ba, iyakar abin da ya ce shi ne rabonsu a cikinta ne ya ƙare. Har yau malamin bai san ko an ƙara sifilin daga baya ba ne, ko kuwa tun farko yana nan shi ne bai lura ba, kuma wannan rashin sanin ya fi asarar gonar cin ransa.

Uban nan gwanin lissafi ne. Yana tsaye bakin gona zai faɗi dami nawa za a fitar na zakka, ɗaya cikin goma, tun kafin a gama ɗauri. Ya kuma san hisabin haruffa da ya koya a makarantar allo, inda alif yake ɗaya, ya'u goma, ƙaf ɗari. A wannan tsari kowane harafi yana ɗauke da ƙimarsa duk inda aka ajiye shi, kamar yadda C take ɗari a lambobin Rumawa, don haka babu bukatar wata alama da za ta tsaya a madadin babu. Lambobin boko kuwa guda goma ne kacal, daga 0 zuwa 9, kuma ƙimar kowace ta rataya ne ga gurbin da ta zauna. Biyar ɗin da ke cikin 15 biyar ce, wadda ke cikin 150 hamsin ce, wadda ke cikin 1 500 ɗari biyar ce. Duk matsawa guda zuwa hagu ninki goma ne. Wannan shi ne abin da malamai ke kira darajar gurbi, kuma a kansa tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa na rubuce suke tsaye.

Duniya ma ta daɗe kafin ta kai ga wannan dabara. A Indiya ta nuna, kuma a shekarar 628 masanin nan Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili. A ƙarni na 9 Alkawarizmi ya yi bayaninta da Larabci a Bagadaza. Fibonacci, ɗan Italiya, ya koye ta a Bijaya, birnin gaɓar teku da ke Aljeriya ta yau, ya yaɗa ta a Turai da littafin da ya rubuta a 1202. Kalmar Larabci sifr, mai nufin wofi, ita ta haifi sifili a Hausa, ita kuma ta haifi chiffre da zéro a Faransanci. Abin da ya ɗauki manyan masana ƙarnuka shi ake so yaro ya haɗiye a ƴan makonni, sau da yawa cikin harshen da ba da shi aka yi masa reno ba.

Malamin ya daɗe da lura cewa kuskuren yara yana bin sawun harshe. Hausa ta kyauta wa yaro daga sha ɗaya zuwa sha tara, domin goma sha uku tana faɗin abin da ke cikinta ƙarara, alhali treize ta Faransanci ta rufe shi ruf. Amma daga ashirin zuwa casa'in kalmomin aro ne daga Larabci, ba a jin goma a cikinsu, saɓanin tsohon ƙidaya na gomiya biyu, gomiya uku, wanda har yanzu ake tsinta a bakin wasu tsofaffi. Matsala mafi girma tana wajen ɗaruruwa. Bahaushe yana fara ambaton ɗari sannan ya faɗi yawanta, ya ce ɗari uku, rubutu kuwa da 3 yake farawa. Tsakanin ɗari uku da kuma ɗari da uku ƴar kalmar da ce kawai, amma tazararsu 197. A manyan adadi har babba yakan yi tuntuɓe: dubu ɗari da biyar ana fahimtarta 105 000, sai an ce dubu ɗari da guda biyar ake gane 100 005 ake nufi. Ga kuma ƙidayar ragi, irin su ashirin ba ɗaya da ɗari ba biyu, inda baki ke ambaton adadin da ba zai fito a rubuce ba.

Faransanci, wanda da shi ake koyarwa a makarantarsa, yana da nasa ramukan. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, amma makarantar malamin ba ta cikin irin waɗannan. Yaron da ya ji quatre-vingt-dix-sept ya ji huɗu, ya ji ashirin, ya ji goma, ya ji bakwai, kuma idan mai gaskiya ne da kunnensa sai ya rubuta 420107 a maimakon 97. Soixante-douze takan fito 6012.

A bayan ajin, kusa da taga, akwai wata yarinya ƴar shekara goma sha biyu, ƴar mai ƙosai, wadda take maimaita ajin. Kullum a makare take zuwa, tufafinta na ƙanshin man gyaɗa. Ubanta ya tafi ci-rani ya daɗe, uwar ce ke riƙe da gidan, kuma ta riga ta faɗa cewa in yarinyar ta sake faɗuwa to ta gama lakwal ke nan. A darasin allo, inda malam ke faɗin adadi, ya bugi tebur, yara su ɗaga allunansu gaba ɗaya, ya ce trois cent cinq, sai ta ɗaga 31005. Wata rana ya gwada faɗin adadin da Hausa, ɗari uku da biyar, sai ta ɗaga 10035. Ya daɗe yana duban allon nan. Amsoshin biyu duk kuskure ne, amma kowanne ya bi maganar bakinsa sau da ƙafa. Yarinyar tana rubuta abin da ta ji ne, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Wannan yarinyar ce kuma yake sayen ƙosai a hannunta ran kasuwa, ya ba ta dala ɗari, ta cire dala talatin da biyar, ta miƙo masa dala sittin da biyar tun bai gama mayar da hannu aljihu ba.

Littattafan labarai na yara ba su wadata a garin ba, balle waɗanda suka shafi lissafi, saboda haka ya yanke shawarar yin nasa. Ya samo kwalaye ya yanke su daidai, ya manna musu farar takarda, ya ɗinke gefe da zaren buhu. Ya yi shi babba yadda na layin baya za su hango, wani ɗan aji shida mai hannun zane ya yi masa hotuna. Ya rubuta Hausa a shafin hagu, Faransanci a na dama, domin shugaban makaranta ya nuna damuwa kada a ce an bar harshen jarrabawa ana tatsuniya da rana tsaka.

Labarin na wani sarki ne mai ɗakunan ajiya huɗu a jere. Na dama na zangarniyar gero ce ɗaiɗai, na kusa da shi na ƙulli, sai na dami, sai na can hagu wanda ake kira rumbu. Dokar gidan guda ce: ba ɗakin da zai kwana da goma. Da zarar zangarniya ta cika goma sai a ƙulle ta a kai ɗakin ƙulli, ƙulli goma a ɗaure su dami, dami goma a kai rumbu. Kowace ƙofa tana da mai gadi riƙe da allo mai nuna yawan abin da ke ciki, da magariba kuma magatakarda yakan bi ƙofofin daga hagu zuwa dama yana kwafe allunan cikin littafin sarki. Wata shekara aka yi ƙarancin ruwa, abin da ya rage dami uku ne da zangarniya biyar, ɗakin ƙulli kuwa wayam. Mai gadinsa wani tsoho ne, yana zaune riƙe da allo mai da'ira wadda ba komai a cikinta. Sai Gizo ya je fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, ranka ya daɗe, yaya za a riƙa ciyar da mutumin da ke gadin babu? Sarki ya ga magana ce, ya sallami tsoho.

A nan malamin yakan rufe littafin, ya tambayi aji abin da magatakarda zai rubuta a daren nan. Alluna su tashi, wasu 305, wasu 35, gardama ta kaure. Sai ya buɗe shafi na gaba. Magatakarda ya ga 3, ya ga 5, ya rubuta 35. Cikin dare Gizo ya kwashe zangarniya 270, ya bar ƙulli uku da ɗaiɗai biyar, littafin sarki kuma ya yi daidai da abin da ya rage, babu mai iya kama shi. Jikar tsohon ce ta tona asiri, domin ta tuna cewa allon 3 a ƙofar dami yake rataye. Aka mayar da tsoho bakin aikinsa, Gizo ya haye rufin ɗaki.

Yara suka so labarin, har suka yi masa gyara. Wani ya ce damin gaske ya fi zangarniya ɗari nesa ba kusa ba, malamin ya amsa cewa gaskiya ne, na gidan sarkin nan ne ƙanana. Suka tara tsinkayen tsintsiya, suka yi ta ƙullawa goma goma da zare, har suka haɗa rumbu guda na tsinke 1 000, suka riƙa ɗaga shi suna jin nauyinsa. Da tsinkayen nan aka warware abin da ya daɗe yana ɗaure musu kai, wato ɗebe 78 daga 305. Ba a iya cire takwas daga biyar, ɗakin ƙulli kuma babu kowa, dole a kwance dami guda ya zama ƙulli goma, a sake kwance ƙulli guda ya zama tsinke goma. Sai a ga dami biyu, ƙulli tara, tsinke goma sha biyar a shimfiɗe kan tebur, a cire abin da za a cire, 227 ta rage. Daga ranar kalmar kwancewa ta maye gurbin aro a ajin.

Amma labari yana da hatsarinsa. Cikin mako biyu yara suka haddace shi kamar waƙa, suna iya faɗinsa daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus, kuma da aka ce su rubuta dubu da biyar, da yawansu suka sake rubuta 10005. Malamin ya gane cewa allo yana nuna masa amsa ne kawai, kafin ya tambayi dalilinta an goge ta da gefen riga. Yana bukatar wurin da tunanin yaro zai zauna har ya samu lokacin dubawa.

Ya sayi kaye, wato littafin rubutu, ya raba kowanne gida biyu da reza domin kuɗin su isa, ya ba kowane yaro rabi. Ya sa masa suna kayen tunani. Kowane shafi kashi huɗu ne: adadi da lambobi, adadin da kalmomi, hotonsa da tsinke da ƙulli da dami, sai kashi na ƙarshe inda yaro zai faɗi yadda ya gane ko abin da ya ɗaure masa kai. Ya kafa sharuɗɗa uku. Ba a ba da maki a kayen nan, ba a taɓa shi da jan biro, kuma yaro yana da damar rubutu da Hausa ko Faransanci ko ya gauraya. Da yake yaran sun haura saba'in, ba ya iya karanta duka kullum, sai ya riƙa tafiya gida da goma goma, ya karanta bayan isha'i da fitilar hannu, ya rubuta wa kowa layi guda, yawanci tambaya.

Makonnin farko ba su yi armashi ba. Yaran ba su saba rubuta Hausa ba, ƙ da k duk ɗaya ne a wurinsu, kuma sun saba a ce musu kwafi, don haka kusan kowa ya rubuta na gane, na gode Mushe. Sai da ya fara karanta wa aji wasu shafuka ba tare da faɗin mai su ba, yana yabon wanda ya kawo tambaya mai wuya, sannan bakinsu ya buɗe. Wani yaro ya rubuta cewa tsohon nan yana da goma ɓoye a aljihu, shi ya sa in ya zauna dukiya take ƙaruwa, saboda haka 05 ta fi 5. Malamin ya karanta wannan ya ji kunya ta kama shi, domin shi da bakinsa ya yi shekaru yana cewa in za a ninka da goma a ƙara sifili. Ƙa'idar tana aiki a kan 25, amma tana rushewa da an zo lambobi masu waƙafi, inda mita 2,5 na yadi da mita 2,50 tsawonsu ɗaya, kuma 2,5 sau goma 25 ce, babu sifili ko guda. Washegari ya ƙara shafi a littafin. A ninki goma kowace lamba tana ƙaura ne zuwa ɗakin hagu, tsoho kuma yana zuwa ne ya riƙe ɗakin da aka bari, kada wani ya zame ya faɗa ciki. Aljihunsa babu komai. In ya zauna can hagu inda ba wanda zai zame, zamansa bai canja komai ba.

Ƴar mai ƙosai ta yi wata guda tana zana tsinkaye ba ta rubuta kalma ko ɗaya a kashi na huɗu ba. Ran nan sai ga layi biyu da ƙaramin rubutu a ƙasan shafi: "A jikin kuɗi an rubuta 100. Inna ta ce ashirin ne. Wa ya yi ƙarya?"

Tambayar ta taɓo abin da kowa a Nijar yake rayuwa da shi ba tare da ya tsaya ya dube shi ba. A kasuwa ba a ƙirga sefa da tamma ɗaiɗai, da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuma tamma biyar ce. Ƙwandalar da aka buga wa 100 dala ashirin ce, mai 250 dala hamsin, mai 500 dala ɗari, takardar 1 000 kuma jika guda, wato dala ɗari biyu. A garuruwan bakin iyaka ga naira ma tana yawo da nata ƙidayar. Yarinyar ta tashi tana ganin lambar da ke rubuce daban, abin da baki ke faɗa daban, har ta yanke a ranta cewa rubutu da gaskiyar kuɗi ba su da dangantaka. Me zai sa ta damu da inda sifili ya zauna?

Malamin ya rubuta mata a ƙasa: "Babu wanda ya yi ƙarya. Innarki tana ƙirga ƙulli ne. Tsinke nawa ke cikin ƙullinta?" Kwana biyu bayan haka ta zana ƙulli ashirin, kowanne da tsinke biyar, ta rubuta 100 a gefe. Daga nan abin ya warware mata kamar an zare zaren buhu. Ta riga ta san cewa abu guda yana iya zama biyar a lokaci ɗaya, tun tana ƙarama take aiki da haka, abin da ya rage kawai ta yarda cewa a gidan sarki ƙullin goma ne. Malamin ya mayar da tambayarta darasin aji duka, ya kuma nuna musu wata hanya da gurbi ke taimakon ɗan kasuwa. In ana so a mayar da sefa dala, sai a ninka adadin biyu, a matsar da kowace lamba ɗaki guda zuwa dama: 350 ta zama 700, ta zama dala 70. In dala ce za a mayar sefa, a matsar zuwa hagu a raba biyu: dala 70 ta zama 700, ta zama 350. Yaran da suka fi shiru a lissafin takarda su suka fi kowa zafin nama a ranar, har suna gyara wa malam in ya yi jinkiri.

Wajen ƙarshen shekara, lokacin da zafi ya tsananta, wake ya yi tsada. Uwar yarinyar takan ɗauki wake bashi da tiya a wurin wani mai hatsi, yana rubutawa a littafinsa, in an kwana biyu a yi lissafi. A lissafinta na ka, jika goma da dala ɗari ake binta. Ran biya ta tafi da ƴarta, mai hatsi ya juyo da littafin, ga 10500 a ƙasan shafi, babu tazara tsakanin lambobin. Abin da yarinyar ta rubuta a kayenta a daren shi ne: "Na ƙirga ɗakuna daga dama, biyar ne. Tsoho yana wuri uku. Dubu goma da ɗari biyar. Daidai ne da na Inna. Na ce mata ta biya." Mai hatsin bai cuci kowa ba, babu abin da aka tona, babu abin da aka ƙwato. Malamin ya karanta shafin sau uku, ya ajiye fitila, ya daɗe zaune a tsakar gida.

Bayan mako guda uwar ta zo makaranta da kanta, ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi sallama. Suka gaisa, ta tambayi iyali, ya tambayi sana'a. Sannan ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Yarinyar nan ta iya abin da nake so ta iya. Yanzu ni ke da bukatarta, ga adashe ga bashi, ba ni da mai rubuta mini. Me kuma ya rage?" Bai zaci ta nan abin zai ɓullo ba, cewa ƙwarewar da ya yi fatan za ta riƙe yarinyar a aji ita ce za ta sa a fi bukatarta a gida. Ya rasa hujjar da zai kawo daga littafi. Sai ya ce, "Uwar gida, ki ba ni aron kunnenki kaɗan," ya ba ta labarin gonar bakin tabki tun daga farko, abin da bai taɓa gaya wa uwar wani ɗalibi ba. Ya ce mata shi ma a lokacin ya iya karanta sha biyar, ana ganin ya iya ke nan, kuma takardun da za su riski ƴarta nan gaba, na asibiti da na fili da na banki, sun fi littafin mai hatsi tsawo.

Matar ta yi shiru tana murza gefen mayafinta. Can ta ce Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya ce amin. Ta ce za ta bar ta ta yi aji shida ta zauna jarrabawar ƙarshen firamare, da sharaɗin ran kasuwa kada a neme ta kafin hantsi, kuma lissafin adashe da dare ita za ta riƙa yi. Abin da zai biyo bayan aji shida kuwa, ta ce, sai abin da Allah ya yi. Malamin ya karɓi sharaɗin, ko da yake ya san zai sha tambaya a kansa wurin shugaban makaranta.

Da aka koma karatu a watan Oktoba, gero na tsaye a gonaki ana shirin girbi, yarinyar ta wuce aji shida wurin wani malami. Littafin kwali ya sha hannu, gefensa ya lanƙwashe, an sake ɗinke shi sau biyu, malamar aji huɗu kuma ta ara ta kwafa. Sababbin ƴan aji biyar suka zo da tsinkayen tsintsiyar iyayensu mata, aka fara ƙulli daga farko. A ranar farko malamin ya rubuta 150000 a babban allo, bai ce komai a kansa ba, ya nemi wanda zai fito ya karanta. Hannuwa suka tashi da yawa, ana ta Mushe ni, Mushe ni. Ya zaɓi wani ƙaramin yaro daga layin gaba, ya miƙa masa alli, ya ce kafin ya buɗe baki ya fara aza yatsa a lambar ƙarshe ta dama, ya ƙirga ɗakunan tukuna.